Ranar da Umma Ta Ɗaga Murya

Gidan Tela gida ne da ya ƙware a shiru. Da zarar Umma ta dafe gefen kai ta ce tana ganin walƙiya a ido, kowa ya san aikinsa. Tela ya tsayar da keken ɗinki, Yaya ta saki labule, Auta ta cire batirin agogon bango. Maganin ciwon ɓarin kan kuwa yana can saman kabad, ba mai taɓa shi sai ciwo ya kayar da ita. A ganinsu magani mai ƙarfi na babban ciwo ne, ɓarna ce a sha shi tun mutum na iya tsayuwa. Kafin a sauko da shi amai ya fara, ƙwayar ta dawo yadda ta shiga.

Haka Umma ta kwana biyu a ɗaki lokacin da Yaya ta karɓi shaidar kammala karatu. Abin ya tsaya mata a rai.

Yau ranar Auta ce, ita ma za ta karɓi tata shaidar. Umma na gaban madubi tana ɗaura ɗankwali, sai walƙiyar ta gifta. Nan ta tuna faɗan da sabuwar likita ta yi mata: "Mama, wa ya ce ki jira? Da kin ga alama ki sha." Ta taka kujera da kanta, ta haɗiyi ƙwayar, ta kishingiɗa.

Yaya ta leƙo ta gan ta kwance, gida ya yi tsit. Auta ta cire batirin tana share hawaye.

Can an jima ƙofa ta buɗe. Umma ta tarar da Tela yana sanɗa a tsakar gida, takalmansa a hannu.

"Malam, ɓarawo ka koma a gidanka? Sa takalmanka, za mu makara."

"Kan fa?"

"Yana nan inda na bar shi, lafiya lau."

A zauren taro, da Auta ta hau dandamali, daɗi ya kama Umma, ta miƙe ta ƙwala mata kira har na gaba suka waiwayo. Auta ta tsaya da takarda a hannu tana dube-dube. Ba ta gane muryar ba, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Sai da ta hango Tela yana dariya yana nuna mata matarsa.