Wadda Ta San Perla Tana Yarinya

Tun da ciwon ido ya hana Perla tuƙi, maƙwabciyarta Rahina ce ke kai ta gidan kula da tsofaffi a garin Summerfield na Amurka duk ranar Talata, don ta duba ƙawarta Gitel. A cikin mota Rahina ta ji labarinsu, kaɗan-kaɗan.

Perla Bayahudiya ce, haifaffiyar Poland. Tana ƙarama, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Nazi suka kwashe iyayenta da yayyenta, babu wanda ya dawo. Bayan yaƙi aka kai ta gidan marayu a Faransa, aka haɗa ta gado da Gitel, yarinyar da ba ta cewa uffan, ko ranar haihuwarta ba ta sani ba.

"Sai na ce ta zo mu raba tawa ranar haihuwar," in ji Perla. "Ranar ta fara yi mini magana."

Tare suka zo Amurka, tare suka kama aiki a wata masaƙa a Greensboro. Ranar auren Gitel, Perla ce ta tsaya a matsayin uwar amarya, alhali tsararta ce. Da mijin Perla ya rasu, Gitel ta kwaso kayanta ta tare a gidan Perla da ke unguwar Glenwood, ba ta koma ba sai da ta ga ƙawarta ta dawo cin abinci. 'Ya'yansu sun girma suna zaton jini ɗaya ne.

Yanzu tsufa ya rikita Gitel. Turanci ya gudu daga bakinta, saura Yidish, harshen iyayensu, wanda 'ya'yanta ba sa ji. Da ta ga Perla sai ta cafke hannunta, ta yi ta maimaita magana ɗaya.

"Mama, me take cewa?" Rahina ta tambaya wata rana.

"Tambaya take ko uwarta ta zo ɗaukarta."

"To me kika ce mata?"

"Na ce tana hanya. Haka nake gaya mata muna yara, har barci ya ɗauke ta."

Cikin watan Fabrairu Gitel ta cika. A maƙabarta aka miƙa wa Perla shebur ta zuba ƙasa kamar yadda al'adarsu take, hannunta ya kasa ɗagawa, sai da Rahina ta kama mata. A hanyar dawowa Perla ba ta yi kuka ba. Sun kusa gida ta ce, "Yanzu babu wanda ya san ni ina yarinya, ko mutum ɗaya."

Rahina ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama."

Kafin bazara ɗan Perla ya zo daga Atlanta ya tafi da ita, ɗalibai suka kama hayar gidan. Rahina takan kira ta a waya. Perla ta tambayi lafiyar yara, ta ce abincin can ba laifi, sai kuma ta ce ta gaji za ta kwanta.