Ranar da Zahra'u Ta Ga Muryarta

Shekara goma sha tara ina koyar da fiziks a wata sakandaren gwamnati da ke Malali, amma ban taɓa samun ɗaliba mai surutun Zahra'u Isiyaku ba. Kafin in gama tambaya ta jefo amsa, idan amsar ta kuskure kuma ta kawo hujja. Ba sau ɗaya ba na ce mata, "Zahra'u, ki bar wa sauran 'yan aji ko da kalma ɗaya mana."

Sai sanƙarau ya kama ta a tsakiyar bazara. Ta yi sati biyar a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta. Ta dawo aji da ɗan littafin da take rubuta abin da take so ta faɗa. Idan mutum ya fuskance ta ya yi magana a hankali tana bin leɓensa ta gane. Bakinta lafiya lau, likita ma ya faɗa, amma ta rufe shi ruf. Ni da na sha roƙon yarinyar nan ta yi shiru, sai ga shi shirun nata ya fi komai damuna.

Ƙawarta Hauwa ce ta gaya mini dalili. Wata rana a gida uwarta ta tambaye ta wace miya take so, ta ce miyar kuka. To da yake ba ta jin kanta, muryar ba ta sauko a ƙarshen kalmar ba, sai ta fito kamar kukan hawaye. Ƙannenta suka tuntsire da dariya. Ba ta ji dariyar ba, ganinta ta yi, kuma tun daga ranar ba ta sake buɗe baki ba.

Mahaifinta Malam Isiyaku tela ne a Unguwar Dosa. Ya same ni a bakin ofis ya ce, "Malam, ba ta ji, ba ta magana, zaman me take yi a aji? In an gama zangon nan zan karɓi takardunta, ta zauna kusa da ni a shago." Raina ya ɓaci, amma da na dubi idon mutumin na ga ba mugunta ba ce, tausayin 'yarsa ne ya rasa inda zai kai shi.

Ana cikin haka muka zo kan darasin sauti. Yaya zan koyar da sauti tana zaune a gabana? Na kai kukana wajen Malama Asabe mai kula da ɗakin kwamfuta. Ita ta sa mini wata manhaja a tsohuwar kwamfutata, wadda idan ka yi magana a makirfo take zana muryarka da layi: murya ta hau layin ya hau, ta sauko ya sauko. Ni da tura hoto a waya ke ba ni wuya, sati guda na yi ina fama da abin kafin ya yarda da ni.

Ranar darasin na aro majigi na haska bangon ɗakin gwaji. Yara suka yi ta wasa, mai fito na yi, mai kwaikwayon akuya na yi. Daga nan na rubuta kalma biyu a allo, kuka ta itace da kuka na hawaye, na miƙa wa Hauwa makirfo. Ta faɗi ta farko, layin ya tashi sama ya gangaro. Ta faɗi na biyu, ya miƙe a sama sak. Na saci kallon Zahra'u, na ga ta ajiye biro ta gyara zama.

Sai rawar kai ta ɗebe ni na ce bari in gwada nawa. Ni ɗan Zonkwa ne, Hausa ba harshen gidanmu ba ce, amma a Kaduna na girma, kuma ina ji da Hausata ba kaɗan ba. Na faɗi ta farko, na faɗi na biyu. Layukan suka fito iri ɗaya, babu wanda ya gangaro.

Wata murya ta fito daga bencin gaba, da ƙarfi, a dishe: "Malam, naka duka biyun kukan hawaye ne."

Sannan dariya ta ɓarke. Zahra'u ta waiga a tsorace, sai ta ga duk yatsun ni suke nunawa. Na dafa tebur na fuskance ta na ce, "Ashe shekara arba'in ina shan miyar hawaye, ba wanda ya gaya mini? To zo ki gyara mini." Ta taso ta karɓi makirfo. Sau uku layin yana ƙi, a na huɗu ya gangaro, Hauwa ta rungume ta.

Daga ranar kullum lokacin hutun tara tana ɗakin gwaji, idonta a bango, tana lanƙwasa muryarta. Sai dai a nan maganar take tsayawa. Da ta fita ƙofa sai ta koma littafinta, gida kuwa ko uffan.

Ranar da aka ba da hutu Malam Isiyaku ya zo kamar yadda ya ce. Takardun suna hannuna, 'yarsa ce, ba ni da ikon hanawa. Na ce, "Malam Isiyaku, tana ɗakin gwaji, mu ƙarasa ka ɗauke ta."

Da ta gan shi ta miƙe. Ta dubi bango, ta dube shi, ta ce, "Baba." Mutumin ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ta miƙa masa makirfo ta ce, "Baba, ka kira sunana a nan."

Ya juyo gare ni. "Malam, ai ba ta ji."

Na ce, "Za ta gani."

Ya yi ta juya makirfon a hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Wata bakwai rabona da kiran sunan nan. Kafaɗarta nake taɓawa." Ya kai shi bakinsa ya ce "Zahra'u," ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta takarda. Wani ɗan gajeren layi ya fito ya ɓace.

Ta girgiza kai. "Ba haka ba. Yadda kake kirana daga shago idan na daɗe wajen aike."

Ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Sannan ya ɗaga kai ya ƙwala kiran da dukan ƙarfinsa, ya ja ƙarshen sunan har sai da numfashinsa ya ƙare. Layin ya hau, ya miƙe, ya ratsa bangon tun daga taga har kusa da allo. Zahra'u ta matsa ta ɗora yatsa a kai, ta bi shi a hankali har inda ya tsaya. Sannan ta juyo ta ce, "Na'am, Baba."

Ba na jin kunyar faɗa, hawaye na yi. Malam Isiyaku ya zauna a bencin yara ya rufe fuska da hularsa. Da ya samu kansa na miƙa masa takardun, bai ko dube su ba. Ya ɗaga makirfon ya tambaye ni ko zai iya sake kiranta sau ɗaya.