Zogalen da Ba Na Kowa Ba

…su uku ne ashe, ba biyu ba. Ɗaya da igiyar awo, ɗaya da takardu, na ukun sai kallon sama yake yi. Me yake nema a sama? Na ce wa kaina, Sabuwa, saki labulen nan. Ba zan saki ba.

Ukasha, ga su nan sun zo, masu ƙiyasin harajin gidaje. Kai kana can Gusau wata na bakwai kana jiran biza, ni ina nan unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira da iƙamar, takardar izinin zama, da ta mutu tun azumi, ina leƙe kamar ɓarauniya a ɗakin da nake biya wa haya.

Jiya Hajj Isam mai gidan ya hauro har hawa na uku yana haki. Wai filin nan na tsakanin gine-ginenmu na kowa ne, muddin yana buɗe ba ruwan haraji da shi. Amma in suka ga shinge, suka ga ana shuka ana sayarwa, cikin gidansa za su rubuta shi, harajinsa ya tashi. Kuma wallahi in haka ta faru ƙofata zai nuna musu. Na kowa! Lokacin da yake juji, kyanwa na haihuwa cikin ledoji, ina kowan yake? Ni na kwashe da hannuna, ni na yi ta jidar ruwa a bokiti har bayana ya…

In sun hauro za su tambayi suna. Daga suna sai fasfo. Daga fasfo — a'a. Ƙila masu awo ba ruwansu da fasfo. Wa ya gaya miki? Tsoro nake ji, Ukasha.

Na cire shingen ai. Tun da asuba. Na tumɓuke yakuwar, na tumɓuke ramar, ɗaliban da ke zuwa saye ran Juma'a sai su yi haƙuri, khalas, an gama. Zogalen ne kawai… na ɗora masa wuƙa, hannun ya ƙi.

Kwana shida da haihuwa cibiyar 'yarmu ta faɗi, ka tuna? Na ce a gida bayan ɗaki Inna take binnewa, to ina bayan ɗaki a hawa na uku? Ka yi dariya ka sauka da cokali kana tono. Cokalin miya, Ukasha! Na zuba irin zogalen da Inna ta aiko a kai. Amani. Wata huɗu kacal ta yi mana a duniya. Mota ta tafi da ku can hamada bayan gari, ni aka ce in zauna, ka dawo da yashi a takalmi ka ce wurin da kyau. Ban san hanyar ba. Ko yau a ce in nuna kabarin 'yata, ban sani ba. Nan na sani, taku ashirin daga ƙofa.

Mai igiyar ya taka wurin. Ɗage ƙafarka, bawan Allah — ina zai sani. Ya sunkuya. Me ya gani? Innalillahi, ramukan sandunan shingen! Ban cike su ba, ga su nan a jere. Ƙasar ma a jiƙe take, don ni sakarya, da na gama ɓarnar sai da na ba shi ruwa. Wane itace ne marar mai shi ake shayarwa da asuba a Alƙahira?

Hajj Isam na ta bayani da hannuwa. Bai nuna sama ba… tukuna.

Ya riga ya koya mini abin faɗa. In an tambaye ni, in ce zogalen tsirowa ya yi da kansa. "Mish bita'ti." Ba nawa ba ne. In na faɗa, su rubuta fili na kowa, in kwana a ɗakina, gobe duk wanda ya ga dama ya sare shi ya ajiye mota, ba ni da ta cewa. In kuma ban faɗa ba…

Ina na ukun ya shiga? Takun takalmi a matakala. Hawa na ɗaya. Ba nawa ba ne. Na biyu. Ba nawa —

Ukasha, na gwada faɗinsa yanzu da bakina. Ya fito sumul, ko sarƙewa ban yi ba. Ashe zan iya.