Ranar da Kato Ya Riga Wasswa Tashi

"Mama, Lutaaya ba namu ba ne? Sato shi kika yi?"

Namata ce ta yi tambayar, da ƙarfi, a gaban mutanen da ke layin kati. Shekararta biyar, ba ta iya rage murya ba tukuna. Wata tsohuwa a bayansu ta tuntsire da dariya.

"Rufe min baki," in ji Nassuna, tana gyara jaririn, Lutaaya, a kafaɗa.

"To ai Anti Akello ce ta ce babu shi a kwamfuta."

Akello mai ba da kati ta juyo da allon. "Duba da kanki, Nalongo. Ke ga ki, ga Namata. Yaron kam babu. Ko a gida kika haihu muka yi ta cin matoke, dafaffiyar ayabar suna, a banza?"

Nalongo sunan uwar tagwaye ne, Nassuna kuwa ba ta taɓa haifar tagwaye ba. A wannan ƙaramin asibitin na unguwar Ntinda ita ke kula da babbar na'urar da ke riƙe bayanan marasa lafiya, mai faifai biyu masu tafiya tare: abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ya shiga ɗayan. Ma'aikata suka raɗa musu sunan tagwaye, Wasswa da Kato, ita kuma ta zama uwarsu.

Yau hutun haihuwa take. Rigakafin jariri ya kawo ta, da kunnen Namata mai ruwa. Gwaggon mijinta, Nabbosa, wadda ta zo daga Masaka shekaranjiya don taya ta jego, ta kama hannun yarinyar.

"Ku yi ta rigimarku da injin, mu mun hau wajen likita. Taho, sarkin surutu."

Suka hau bene. Nassuna ta zagaya bayan teburin ta jawo allon. Ta nemi wata mata da suka kwanta ɗaki ɗaya bayan haihuwa. Babu. Ta duba abu na ƙarshe da aka shigar kafin yau, sai ta ga ranar da naƙuda ta kama ta ne.

"Akello, an ɗauke wuta yau?"

"Ɗazun nan. Janareta ya yi gardama, komai ya mutu, sannan ya dawo da kansa. Har muna cewa yaranki akwai tarbiyya."

A ranar naƙudar, Nassuna da abokin aikinta Mugerwa suka raba tagwayen, don a kwafi Kato a ajiye, da nufin a haɗa su da yamma. Yammar a ɗakin tiyata ta same ta. Wasswa ya ci gaba da aiki shi kaɗai, Kato ya tsaya cak a wannan rana. Lambar shaidarsu kuwa ɗaya ce, tunda dama abu ɗaya ne. In na'urar ta tashi, lambar take kira, wanda ya fara amsawa shi take ɗauka. Yau Kato ne ya fara amsawa.

Ta kira Mugerwa. Yana tauna wani abu.

"Maman jariri! Kin yi kewarmu ke nan?"

"Ka haɗa tagwayen bayan na tafi?"

Taunar ta tsaya. "Na ce sai kin dawo... Me ya faru? Bari in haɗa yanzu."

"Kada ka taɓa! In ka haɗa yanzu, tsohon zai shafe sabon. Ɗauke hannunka, ka sanar da kowane ɗaki a daina duba kwamfuta. Duk abin da aka rubuta tun ranar da na haihu..."

Sai ta tuna. A makon jiya aka yi wa Namata allurar penisilin saboda wannan kunnen. Fuskarta ta kumbura, numfashinta ya koma kamar usur, sai da likitoci biyu suka taru a kanta. Daga ranar aka sa mata jan gargaɗi, wanda ke cika allo da zarar an buɗe sunanta. Jan gargaɗin yana cikin Wasswa. Likitan yau baƙo ne, mai riƙon ƙwarya. Gwaggo kuma ba wanda ya gaya mata, don a ganin Nassuna na'ura ba ta mantuwa.

Ta danna lambar Gwaggo. Waya ta yi ta ƙara a cikin jakar kayan jariri da ke rataye a kafaɗarta ita Nassuna.

Ta dangwara wa Akello jaririn ta kwasa da gudu. Ɗinkin cikinta ya ja kamar zai ɓalle, ta dafe shi da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarfen bene. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba. Ɗakin likita babu kowa sai shi, yana wanke hannu.

"Yarinya mai ciwon kunne?"

"Na tura su ɗakin allura. Lafiya, madam?"

Ɗakin allura yana can ƙarshen baranda. Tana gudu tana kiran sunan 'yarta, amma abin da ke fita daga bakinta bai kai murya ba. Ta banke ƙofar.

Namata tana kife a cinyar Gwaggo, an ɗage siket. Sista Atim ta goge wurin da auduga, sirinji yana hannunta.

"Tsaya!"

Sista ta daskare. "Yesu! Nalongo, za ki sa in soki kaina."

"Mene ne a ciki?"

Sista ta ɗaga ƙaramar kwalbar. Penisilin ne. Nassuna ta karɓe sirinjin ta duba: cike yake, ba a taɓa ba. Ta sake dubawa. Ta shafa cinyar yarinyar tana neman ko ɗigon jini, ba ta samu ba. Sannan ta zauna a ƙasa.

"Na buɗe sunanta, ban ga ja ba," in ji Sista. "Na rantse na duba."

"Na sani. Ba ke ba ce. Wa kuka yi wa allura tun da wuta ta dawo?"

Sista ta ƙirga da yatsu. "Mutum biyu. Masu ciwon suga ne, na san su."

Gwaggo ta sauke siket ɗin tana ƙunƙuni. "Ku da injinanku. Da kin buɗe baki kin gaya min, ai da da haƙori zan hana."

Nassuna ta ɗauki 'yarta, ta sauka a hankali, jini kaɗan yana ɓata mata riga. Ba ta yarda an duba ɗinkin ba sai da ta zauna kusa da Mugerwa, suka canja wa Kato lamba, suka gyara wurin da na'urar ke karantawa in ta tashi, yadda Wasswa kaɗai za ta kira, in bai amsa ba ta tsaya. Ta sa ya kashe ya kunna. Jan gargaɗin ya fito. Ta ce ya sake.

Kai da ke karanta wannan, in ka raba tagwayen faifai, kada ka tashi daga kujerar sai ka canja wa ɗaya lamba, ka kashe na'urar ka kunna, ka ga wanda ta ɗauka da idonka. In kuma akwai maganin da jikin ɗanka ba ya so, kada ka bar wa allo. Faɗa da bakinka, ga duk wanda zai kama hannunsa.