Numfashin da Aka Ba Dodo

Masu haɗa sautin fim da na wasannin kwamfuta suna da taron da suke yi duk Asabar ɗin ƙarshen wata, a wani tsohon situdiyo da ke saman shagon gyaran rediyo. Mutane ne masu ban haushi a wurin biki: kowa na rawa, su kuwa sun karkata kai suna ƙorafin lasifikar hagu ta fashe. Amma in sun haɗu su ya su, sai ka rantse ciki ɗaya suka fito.

Al'adarsu ita ce duk wanda ya kawo sabon aiki, a ja labule, kowa ya rufe ido a saurara, sannan a yi ta cankar abin da aka haɗa sautin da shi. A nan ake gano cewa karyewar ƙashin jarumi karas ne, fukafukan tsuntsu kuma tsohuwar lema.

Uwar Taku ba ta fashin wannan taro. Sunan ya bi ta ne don sana'arta: ta sa takalma ta yi ta tattaki kan yashi da tsakuwa a gaban makirfo, har tafiyar ɗan wasa ta fito daidai. Ita ta kawo Dogo cikin harkar, ta koya masa riƙon makirfo, ta tsaya masa har ya zama gwanin wanke sauti daga hayaniya. Da safen taron wannan watan ya kira ta ya ce, "Yaya, ki huta abinki, taron yau ba wani armashi." Ta yi dariya ta ɗauki jakarta.

Ashe akwai baƙo, wakilin wani kamfanin wasanni da ke neman ma'aikata. Kowa ya sa rigarsa ta fita kunya, ana ta miƙa masa hannu ana cusa masa lambar waya. Da Dogo ya hango ta a bakin ƙofa, sai da shayi ya sarƙe shi.

Shugaban taro ya ce Dogo ne da fage. Dogo ya yi bayani idonsa na kan na'ura: dodo ne a cikin kogo, ɗan wasa ba ya ganinsa, numfashinsa kawai yake ji, har ya kai ga dodon ya kashe shi.

Aka ja labule, aka rufe ido.

Numfashi ya cika ɗakin, mai kauri, mai nauyi, ana jansa da ƙyar. A ƙarshen kowane ja akwai wani ɗan siririn fito, sai shiru mai tsawo, irin wanda ke sa mutum ya matso ya duba ko za a sake ja.

Uwar Taku ta san wannan shirun, don ta sha matsowa saboda shi.

Bara, da ciwo ya ci ƙarfin babanta har magana ta ɗauke, ta rasa abin da za ta riƙe nasa. Sai ta yi abin da ta iya: ta ajiye rakoda a gefen filonsa ta ɗauki numfashinsa. Ƙarar fanka ta danne rabi. Bayan rasuwarsa ta kai wa Dogo, tana kuka, ta ce ya wanke mata. Ya wanke tas ya dawo da shi, har ya ƙi karɓar godiya. Tun daga nan, duk ranar da kewa ta taso mata, sai ta sa abin sauraro a kunne ta koma ɗakin nan, kusa da Baba.

A lasifika aka ji saran takobi, dodon ya ja numfashi ɗaya, fiton ya fito, bai sake ja ba. Ɗaki ya ɗauki tafi.

"Zugazugin maƙera ne," in ji wani.

"Ina! Zaki ne yana barci."

"Minsharin mijina ne, na shaida shi," in ji wata, aka kwashe da dariya.

Shugaba ya juyo. "Uwar Taku, kunnenki ba ya kuskure. Me kika ji?"

Ta kalli Dogo. Shi kuwa ya sunkuya yana naɗe wayar da ba ta warware ba.

"Ban sani ba," ta ce. Ba za ta ajiye Baba a tsakiyar ɗaki ana shan shayi a kansa ba.

Ta fice. A kan matakala Dogo ya cim mata. Bai bari ta buɗe baki ba.

"Yaya, ki tsaya ki ji. Ke kika koya min ba a zubar da sauti. Na nema ko'ina ban samu mai rai kamarsa ba. Na rage masa gudu, na ƙara masa kauri, wallahi ba wanda zai gane."

"Ni fa?"

A hankali ya ce, "Na ɗauka ba za ki zo ba."

Da ya ce mantuwa ce, da ta yarda, don tana so ta yarda. Wannan maganar ta fi satar ci mata rai. Daga sama baƙon yana tambaya ina gwanin nan ya shiga. Dogo ya dube ta, ya dubi sama, ya koma.

Rana ba ta faɗi ba ta isa gida. Ko takalmi ba ta cire ba ta zauna bakin gado, ta sa abin sauraro, ta kunna nata na asali, numfashin Baba wanda ba a mayar dodo ba. Ta rufe ido tana jiran ɗakin Baba ya dawo, da labulensa da warin man zafi.

Aka ja numfashi, fiton ya fito, sai ta ga kogo.

Ta kashe, ta share ido, ta mayar farko ta sake kunnawa. Dodon ne dai.