Kiyashin Makewayin Gidan Bawa

Hadijatu 'yar Gwandu ce, aure ya kai ta Kalgo a zamanin En'e, wajajen 1955. Mijinta Bawa manomin shinkafa ne a fadama, dogo siriri kamar karan dawa. Ita kuwa mace ce mai jiki, haka uwarta take, haka kakarta. Sana'arta nakiya da alkaki, tana da tulun zuma guda a ƙarƙashin gado wanda ba mai taɓa shi sai ita.

Wata safiya bayan girbi, surukarta Inna Fatsuma ta fito daga makewayi tana salati.

"Ke ɗiyar Gwandu, zo ki gani!"

A kan tsakuwar da kowa na gidan yake tsugunawa, kiyashi ne baƙi ƙirin, sun yi layi har gindin zana.

"Kin san mi ke kawo wanga?" in ji Inna. "Ciwon sukari. Shi ya kashe wani mai tumbi da na sani a Birnin Kebbi. Ciwon masu ƙiba ne, ciwon kwaɗayi. Mu uku ne a gidan nan, kuma ko makaho ya shafa ya san mai shi."

Hadijatu ta sunkuyar da kai. Ba ta saba mayar wa babba magana ba.

A ranar Inna ta ɗauke tulun zuman ta kai ɗakinta, ta hana sana'ar, ta rage mata tuwo. Da yake kuma ta ga ɗanta yana ta ramewa tun damina, sai ta ce aikin fadama ne ya cinye shi. Kullum hantsi sai ta dama fura, ta kwarara mata zuman Hadijatu, ta tsare shi sai ya shanye don ya yi kumari.

Magana ta zaga unguwa. Maƙwabciyarsu Binta takan leƙo ta kan zana ta ce, "Hadijatu, in kin je rijiya kar ki leƙa da yawa, kar ruwan garinmu ya yi zaƙi!" Mata su kwashe da dariya. Hadijatu ta yi yaƙe, ta shige ɗaki.

Da farko ita ma ta yarda, har ta fara tunanin mutuwa. Amma ita ce mai cika randa, kuma ta lura ruwan da yake kwana biyu yanzu ba ya kai la'asar. Ba ita ke sha ba. Ta lura da ƙafar maigida, inda kututture ya soke shi wata biyu da suka wuce, har yau wurin bai kame ba. Rannan ta sami sakaina, ta zuba nata fitsarin a ciki, ta ajiye bayan rumbu inda kiyashi suka fi yawa. Ta koma da azahar, ta koma da la'asar. Kiyashi suna ta wucewa abinsu, ko kallon sakainar ba su yi ba.

Ta gane. To amma da wane baki mace za ta tsaya gaban surukarta ta yi zancen fitsarin ɗanta? Ta buɗe baki sau uku a mako guda, sau uku tana rufewa.

Sai Inna ta yanke hukunci. "A mai da ta Gwandu wurin iyayenta. In jikinta ya sace, ta bar kwaɗayi, ta dawo. In bai sace ba, su suka san yadda suka yi kiwonta."

Hadijatu ta san irin wannan tafiya. Mace takan tafi jinya, ɗakinta ya koma wurin ajiyar shinkafa. Bawa bai hana ba, ya dai ce shi zai raka ta. A bayan babbar motar 'yan kasuwa ya shanye goran ruwansu kafin a yi nisa, sau uku yana buga jikin mota a tsaya masa, har direba ya fara tsaki.

A Gwandu tana da kawu, Malam Tambari, tsohon soja da ya koyi aikin magani a wurin yaƙi, yanzu shi ne malamin ƙaramin asibitin garin. Washegari uwarta ta ce a fara zuwa wurinsa.

"A'a, giwar Kalgo!" in ji Kawu Tambari da ya hango ta. "Mi ya kawo ki? Ko Kalgo ta yi miki kaɗan?"

Bawa ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi zancen kiyashi da abin da Inna ta ce. Kawu ya ɗauko wata 'yar kwalba ya miƙa wa Hadijatu, ya nuna mata bayan ɗaki.

Ta karɓa, amma ba ta motsa ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a ƙasa, ta ce a hankali, "Kawu, kwalba biyu za ka bayar."

Kawu ya dube ta. Ya juya ya dubi Bawa tun daga busasshen leɓensa har tsumman da ke ɗaure a ƙafarsa. Ya ɗauko kwalba ta biyu.

Da suka dawo ya zuba wani ruwa shuɗi kamar na marina a siraran kwalabe biyu, ya ɗiga na kowa a cikin tasa, ya kara su a kan 'yar wuta har suka tafasa. Ta Hadijatu ta tsaya shuɗiya. Ta Bawa ta koma kore, ta koma rawaya, ta tsaya ja kamar ƙasar gini.

"Ke lafiyarki lau," in ji Kawu. "Kai ne, ɗana."

Bawa ya zauna dirshan a ƙasa. "Na yi zargi tun damina, Kawu. Amma kowa ya ce na masu ƙiba ne, na masu zari. Na ce in na faɗa, da mi za a kira ni?"

"Sai ka bari aka kira ta?"

Bawa ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ka ji," in ji Kawu. "Na ga mai ƙiba da shi, na ga wanda iska ke ɗauka da shi. Na ga malamin da bai san ɗanɗanon alewa ba da shi. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hukuncin kowa ba ne. Kuma ba yau za ka mutu ba, daina yi mini fuskar gawa. Zuma dai kun rabu. Zan wanke ƙafar nan, in ba ka takarda zuwa babban asibiti, su san abin da za su ɗora ka a kai."

Hadijatu ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. Hawaye suka zubo, ba ta ma san na wanne ba ne, nata ko nasa.

Bayan mako biyu suka koma Kalgo tare, ƙafar ta fara kamewa. Bawa da bakinsa ya zayyana wa Inna komai a tsakar gida, da ƙarfi yadda na bayan zana za su ji. Inna ta ce, "Ashe ni ke ɗura mai ciwon da hannuna."

"Ba ke kika sa masa ba, Inna," in ji Hadijatu. "Kawu ya ce zuman ya ƙara shi ne kawai. Ya ce ba laifin kowa ba ne."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito rungume da tulun, saura kwata a ciki. Ta dire shi gaban Hadijatu. "Ɓoye shi inda wancan ba zai gani ba. Kuma yau ki ci tuwo ki ƙoshi, kin faɗa."

Ranar kasuwa ƙamshin nakiya ya sake tashi a gidan. Binta ta leƙo ta kan zana da ƙwarya a hannu, tana ta kame-kame. Hadijatu ta cika mata, har ta ɗora gyara.