Cinnakan da Goggo Ta Jefa a Nono

Kwana biyu Izzuddeen ya yi yana zawo kafin Goggo ta yanke hukunci. Goggo uwar mijin Juwairiya ce, kuma a rugarsu ta bayan Kwandere idan ta yi magana ko shanu sai sun natsu. Mijin, Hammawa, ya yi kudu da garke, ya bar Juwairiya da jaririnta Izzuddeen ɗan wata bakwai a hannun tsohuwa.

Goggo ta ce laifin nonon uwa ne. Kullum Juwairiya na taka rana zuwa Lafiya tallar kindirmo, rana ta dafa mata ƙirji, yaro ya sha, cikinsa ya ɓaci. Goggo ta sa ta tatsa nonon a ludayi, ta kamo cinnaka ta jefa ciki. Wai in ya fita nono lafiya lau, in ya mutu nono ya lalace. Cinnaka ya yi wutsil-wutsil ya nutse. To don Allah wane cinnaka aka taɓa koya wa iyo? Amma da wannan aka rufe zancen.

"Daga yau kada ki ƙara ba shi," in ji Goggo. "Ruwa ma a rage, shi ke tunzura zawon. Ga saiwa na jiƙa, ita zai sha."

Juwairiya ta sunkuyar da kai. Ranta ya ɓaci ƙwarai, sai dai ba ta taɓa musu da uwar miji ba. Ta wuni ƙirji ya yi tam, nono na tsiyaya yana jiƙa mata zani, yaro na laluben ta yana tsala ihu, ita tana juya masa baya tana haɗiye kuka.

Washegari ihun ya tsaya. Goggo har da murmushi, wai magani ya kama. Juwairiya ta ɗauke shi ta duba. Idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta lotsa, tun jiya bai jiƙa tsumma ba, yana buɗe baki amma babu hawaye. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta goya shi ta fita bakin titi ta tare babur. Goggo ta biyo ta a wani, tana faɗa, kwalbar jiƙo a hannu.

A wani ƙaramin asibiti cikin gari suka tarar da nas mai suna Erdoo. Ta tsunkuli fatar cikin yaron, fatar ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Nan take ta kira a kawo ruwan da za a ƙara masa, ta yage ledar gishiri da sukari ta kaɗa a kofi, ta ajiye ƙwayar zinki a gefe. Sannan ta juyo kan Juwairiya da masifa, cikin gurguwar Hausarta.

"Madam, kai wane irin mama ne? Pikin ya bushe haka kana gida kana kallo? Yaushe ya sha nono last?"

"Jiya da safe."

"Jiya! Wane ya ce ka hana shi?"

Juwairiya ta dubi Goggo. Tsohuwa ta tura kwalbarta ƙarƙashin mayafi, ta ɗaga kai tana nazarin fankar silin kamar yau ta fara ganin fanka. Wadda ta yanke hukunci ta yi tsit, wadda ta yi biyayya ita ake zagi a gaban mutane. Juwairiya ba ta ambaci sunan kowa ba, ta zauna a benci ta kwance zani.

"Juwairiya," Goggo ta ce ƙasa-ƙasa, "nonon nan fa..."

"Goggo, ɗana ne."

Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira a gaban surukai ba, balle ta ce nata ne. Goggo ta saki baki.

Juwairiya ta kai masa nono, bai kama ba, ba shi da ƙarfin tsotsa. Ta matsa ɗigo biyu a kan busasshen harshensa, ta ƙura wa wuyansa ido tana kiran sunansa da ƙarfi. Can sai ta ga ya haɗiye.